Yadda Ake Zaɓar Madubin Hangen Nesa Mai Ido Ɗaya da Aiki da Shi a Jirgin Ruwa

Mutumin da ke tuƙa ƙaramin jirgin ruwa yana bukatar ya gane abin da ke gabansa tun yana nesa, ko alama ce mai shawagi a kan ruwa, ko bakin mashiga, ko wani jirgin da ya doso hanyarsa. Madubin hangen nesa mai ido ɗaya ya dace da wannan aiki, domin hannu ɗaya ya isa a riƙe shi, ɗayan hannun kuma yana kan sitiyari ko jikin jirgi. Iri biyu ne ake cin karo da su: tsohon na tagulla wanda ake zarowa gaɓa-gaɓa a mayar aljihu, da na zamani mai rufin roba. A kan ruwa, wanda ke nuna hoto a tsaye kuma da haske ya fi wanda ke kawo abu kusa sosai amfani, kuma a kan wannan ma'auni ne matakan da ke tafe suka ginu.

Mataki na farko shi ne ka karanta lambobin da ke jikin madubin. Idan an rubuta 7x50, lamba ta farko tana nufin yana ƙara girman abu sau 7, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, wato milimita 50. Mutane da yawa suna zaton babbar lamba ta farko ita ce ta fi, alhali duk yadda madubi ya ƙara girman abu, haka yake ƙara girman rawar hannu da tangaɗin jirgi. A kan ƙasa mutum zai iya riƙe mai ƙarfin 10 ko 12, amma a kan igiyar ruwa hoton yana tsalle har ba a iya karanta lambar da ke jikin alama. Shi ya sa ma'aikatan jiragen ruwa suka daɗe da tsayawa a kan 7, wani lokaci 8.

Daga nan sai ka raba lamba ta biyu da ta farko, domin ka san faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka. A 7x50 amsar ta ɗan haura milimita 7, a 7x42 milimita 6 ce, a ƙaramin 8x25 kuwa kimanin 3 ce kacal. Baƙin idon matashi yana buɗewa har kusan milimita 7 a cikin duhu, yana kuma raguwa da shekaru. Faɗin hasken yana da amfani biyu. Da asuba da almuru, lokacin da aka fi wahalar gane abubuwa a kan ruwa, yana ba ido duk hasken da zai iya ɗauka. Da tsakar rana kuma, ko da baƙin ido ya tsuke, yana sa hoton ba ya ɓacewa idan jirgi ya girgiza ido ya goce daga tsakiyar gilashi. Wannan amfani na biyu ba a cika ambatonsa ba, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci ga mai ƙaramin jirgi.

Mataki na biyu shi ne ka auna tsohon madubin da wannan ma'auni kafin ka dogara da shi. Tarihinsa abin girmamawa ne. A shekarar 1608 Hans Lipperhey, mai yin tabarau a Middelburg ta ƙasar Holan, ya nemi haƙƙin mallakar na'urar, sannan a 1758 John Dollond na Landan ya samu haƙƙin mallakar gilashin gaba mai ɓari biyu, wanda ya rage launukan bakan gizo da ke kewaye gefen abin da ake kallo. Madubin aljihu na ƙarni na 19 daga wannan tsatso ya fito: bututun tagulla mai gaɓa uku ko huɗu, an naɗe na waje da fata ko an yi shi da katako, a ciki kuma akwai jerin ƙananan gilasai da ke miƙar da hoto don kada ya fito a kife. Sai dai yawancinsu suna ƙara girma sau 15 ko fiye da ƙaramin gilashin gaba. Wanda ke da ƙarfin 20 da gilashi mai milimita 30 hasken milimita ɗaya da rabi kawai yake ba ido, filin da yake nunawa kuma ƙunci ne ƙwarai. Ga shi gilasansa ba su da shafen da ke hana haske komawa baya, wanda sai a 1935 aka ƙirƙiro shi a kamfanin Zeiss na Jamus, mai ƙera gilasan hange; kowace fuskar gilashi marar shafe tana zubar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske, kuma fuskokin suna da yawa. Saboda haka wurinsa shi ne rana mai haske, ruwa a kwance, ko jirgi a ɗaure.

Idan za ka sayi tsoho, ka zare gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ka ji ko suna tafiya sumul ba tare da sun saki ko sun cije ba. Ka haska fitila ta cikin gilashin ka nemi fumfuna, wadda ke bayyana kamar zaren yanar gizo, da hazo ko tsagewa. Ka duba sunan maƙerin, wanda akan zana a gaɓar da ke kusa da ido, amma kada sunan kaɗai ya ruɗe ka, domin an cika kasuwa da sababbin kwaikwayo da aka dusashe tagullarsu don su yi kama da na da, kuma da yawansu na ado ne kawai.

Mataki na uku ya shafi na zamani. Gajartarsa ta samo asali ne daga gilasai masu kusurwa da ke naɗe hanyar haske a ciki, dabarar da Ignazio Porro na Italiya ya yi wa rajista a 1854. Ka nemi wanda aka toshe da zoben roba aka cika da iskar naitirojin, domin kada gumi ya taru a cikinsa. Alamar IPX7 tana nufin zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Mai sa tabarau ya nemi wanda ke ba da tazarar milimita 15 ko fiye tsakanin ido da gilashi. Ka ɗaura masa maɗauri mai shawagi tun kafin ka fita da shi.

Mataki na huɗu shi ne riƙo da kallo. Ka fara kafa idonka a kan abin, sannan ka ɗago madubin zuwa ido ba tare da ka kau da kai ba. Wanda ya fara sa ido a gilashi sannan ya shiga lalube yakan rasa abin gaba ɗaya. Ka buɗe ƙafafu, ka ɗan sassauta gwiwoyi su shanye motsin jirgi, ka manna gwiwar hannu a ƙirji. Tsohon na tagulla hannu biyu yake so, kuma ana daidaita shi ne ta hanyar tura gaɓar ƙarshe a hankali har hoto ya fito tangaran. Kada ka taɓa fuskantar rana da kowane irin madubi, domin yana iya lalata ido nan take. Ka kuma tuna cewa madubi ba ya tsallake gantsarewar duniya: idan idonka yana mita 2 sama da ruwa, iyakar fuskar ruwan da za ka gani kimanin kilomita 5 ce, abin da ya wuce nan sai dai samansa.

Idan madubinka yana da kamfas a ciki, ka karanta kusurwar abubuwa biyu da ka sani a taswira, ka gyara bambancin da ke tsakanin arewar kamfas da arewa ta haƙiƙa, ka ja layukan biyu a kan taswirar, kowanne daga abin da ka auna. Inda suka haɗu nan kake. Ka nisanci inji da rediyo da duk wani ƙarfe yayin karantawa, domin suna karkatar da allura. Ƙananan zane-zanen ma'auni da ake gani a cikin gilashin irin wannan madubi kuma na auna nisa ne. Idan taswira ta nuna hasumiyar fitila tana da tsayin mita 30, kuma ta cika ma'auni 10 a cikin madubin, sai ka ninka 30 sau 1,000 ka raba da 10, amsar mita 3,000.

Mataki na ƙarshe shi ne kulawa bayan an dawo. Na zamani mai toshiya ana ɗauraye shi da ruwa mai daɗi domin gishiri ya narke, a bar shi ya bushe, sannan a goge gilashin da tattausan ƙyalle. Goge busasshen gishiri yana karce shafen. Tsohon kuwa ba a zuba masa ruwa ko kaɗan, tun da gaɓoɓinsa a buɗe suke. Ka hure ƙurar, ka share bututun da busasshen ƙyalle, ka bar shi a zare har danshi ya fita kafin ka mayar da shi gidansa. Kada ka goge tagullar da magani mai kaifi don ta yi ƙyalli, domin yana cinye zanen sunan maƙerin, kuma ka ajiye shi a busasshen wuri tare da ɗan ƙunshin abin tsotse danshi.