Darasi na Bakwai: Gyara Ɗaki da Ƙawata Shi da Kuɗi Kaɗan

A wannan darasi za mu koyi yadda mutum zai gyara ɗakinsa da hannunsa ba tare da ya ci bashi ba. Za mu yi karatu, mu yi awo, mu yi ɗan lissafi. Kowa ya tanadi takarda da fensir da tef ɗin awo. Wanda ba shi da tef ya samo igiya, ya auna mita 1 a jikin tef ɗin abokin karatunsa, ya ƙulla alama.

A fara da abin da ba a biya

Mutane da yawa idan ɗaki ya gundure su, sayayya ce take fara zo musu a rai: sabon labule, sabon kafet, furen roba. A kwaso a zuba, bayan mako biyu ɗakin ya koma yadda yake, kuɗi kuwa sun tafi. Yawancin ɗakuna tarkace ne ya shaƙe su. Don haka aikin farko shi ne a fitar da kayan waje gaba ɗaya, a share, a yaye yanar gizo, a wanke gilashin taga. Sai a raba kayan kashi uku: na amfanin yau da kullum, na lokaci-lokaci, da waɗanda aka shekara ba a taɓa ba. Kashi na ukun nan a sayar ko a bayar. Idan an sayar, an sami kuɗin fenti ke nan.

Kafin a mayar da kaya, a tsaya bakin ƙofa a duba ɗakin. Kada gado ko sif ya tare taga. A bar hanya mai faɗin kamar santimita 80 inda mutum zai wuce bai karkace ba.

Bango kafin fenti

Nan ne aka fi yin asara, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Fenti ba ya maganin bangon da ba shi da lafiya. Zai rufe aibin na ɗan lokaci, daga baya ya kumbura ya ɓare.

Ku shafa tafin hannu a bango. Idan farin gari ya maƙale muku a hannu, tsohon fentin ya mutu, sabon ba zai kama ba sai an kankare an goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ku bi bangon da ido ku nemo tsaga. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kyankyaso da danshi ma ta nan suke bi. Ƙaramar tsaga kuna iya gyara ta da kanku. Ku ɗan buɗa ta da bakin wuƙa, ku kaɗe ƙurar da busasshen burushi, ku yayyafa ruwa, sannan ku cusa kwaɓaɓɓen siminti ko garin liƙe bango da ake sayarwa tare da fenti. Ku danna sosai har ya cika, ku shafe saman. Idan ya bushe ku goge da samfefa har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Amma tsagar da yatsa ke shiga, ko wadda take ƙara faɗi wata bayan wata, aikin magini ne. Kada ku liƙe ta ku manta.

Danshi kuma sai an gano daga inda yake zuwa. Ga gwaji mai sauƙi. Ku yanko leda mai faɗin kamar santimita 30, ku manna ta a wurin da ya yi baƙi, ku liƙe gefunanta huɗu da salatif, ku bar ta kwana 2. Idan ruwa ya taru a cikin ledar ta ɓangaren bango, daga cikin bangon yake fitowa: wataƙila rufi na yoyo, ko bututu ya fashe, ko ruwa na kwanciya a gindin gini. Idan kuwa a bayan ledar ya taru, ta ɓangaren ɗaki, iska ce ba ta zagayawa, sai a riƙa buɗe taga. A gyara sanadin, a bari bango ya bushe, sannan a yi fenti. Sabon filasta ma yana bukatar makonni kafin ya bushe sosai.

Akwai gargaɗi da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tsohon fenti mai mai, irin na ƙofofi da tagogi, yana iya ƙunsar dalma. Ƙurarta guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu ciki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kada a goge irin wannan fenti a bushe, kada a ƙona shi. A jiƙa wurin, a sa takunkumi, a nisantar da yara, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma bayan an gama.

Wanda yake zaman haya ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa bango.

Lissafin fenti

Lita 1 ta fenti mai ruwa tana shafe kamar murabba'in mita 10 a shafa ɗaya. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Adadin yana rubuce a jikin bokiti, ku karanta shi kafin ku biya.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin bango mita 3.

Kewayen ɗaki: 4 + 3 + 4 + 3 = mita 14.
Girman bango: 14 × 3 = murabba'in mita 42.
A cire ƙofa da taga, kamar murabba'in mita 4: 42 − 4 = 38.
Shafa biyu: 38 × 2 = 76.
Fentin da ake bukata: 76 ÷ 10 = lita 7.6, wato a sayi lita 8.

Wanda ya tafi saye da wannan takarda a aljihu ba zai kwaso abin da zai daskare a bokiti ba, ba kuma zai tsaya rabin bango yana neman launin da ya dace ba.

Idan za a fara, a buɗe tagogi, a shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. A juya fentin da sanda har ƙasan bokiti. A bi kusurwoyi da gefen ƙofa da burushi, sannan a cike tsakiya da rola, daga sama zuwa ƙasa. Kada a cika masa ruwa don ya yi auki, shafa uku na tsararon fenti ba su kai biyu na mai kyau ba. A bar shafar farko ta bushe kamar awa 4 kafin ta biyu.

Game da launi, fari da ruwan madara da sauran launuka masu haske suna mayar da haske cikin ɗaki, ƙaramin ɗaki ya zama kamar ya ƙara faɗi. Launi mai duhu yana shanye haske. Wanda ransa ke son shuɗi ko kore mai ƙarfi ya shafa shi a bango ɗaya tak. A ganina hakan ya fi kyau, ya kuma fi araha.

Labule da madubi

Labulen da aka yanka daidai faɗin taga yakan tsaya a miƙe babu fasali. Yadin ya kai faɗin taga sau ɗaya da rabi ko sau biyu, don ya yi tattara. Taga mai santimita 120 tana son yadi mai faɗin santimita 180 zuwa 240. A kafa sandar labule kamar santimita 15 sama da taga, ta zarce ta kowane gefe, don idan an yaye labulen haske ya shigo duka. Zanen gado mai kauri da ba a amfani da shi yana yin labule, ɗinki biyu ne kawai a miƙe. Ragowar yadin a yi rigar matasai da shi, launin ɗakin ya haɗu. Kyandir da fitila mai wuta kuwa a nesanta su da labule.

Madubi idan aka rataye shi yana kallon taga, ko a bangon da ke gefenta, yana watsa haske zuwa lungun da ke da duhu. Hoto ko wani ado na bango, tsakiyarsa ta kasance kamar santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Yawancin mutane can kusa da silin suke kai shi, sai an ɗaga kai ake gani.

Tsofaffin kaya da kanta

Teburin katako da ya koɗe bai mutu ba muddin gara ba ta ci shi ba. A ɗaure ƙafar da ke rawa, a goge shi da samfefa ana bin layin katakon, a kaɗe ƙura, a shafa fenti siriri sau biyu. Katako ɗaya da ƙarfen tallafi biyu sun isa kanta, kayan da ke zube a ƙasa su koma bango.

Kafin a buga ƙusa, a duba inda soket da makunni suke. Wayar lantarki takan bi cikin bango a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga wurinsu, don haka a kauce wa waɗannan layuka. Duk aikin da ya shafi waya a bar wa mai gyaran wuta. Dogon sif kuma a ɗaure shi da bango idan akwai yara, domin yaro na iya hawa ya rinjayo shi kansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a yin fenti a kan bango mai danshi?
2. An manna leda a bango, ruwa ya taru ta ɓangaren ɗaki. Mene ne sanadin?
3. Su wa ƙurar dalma ta fi cutarwa?
4. Taga tana da faɗin santimita 100. Yadi mai faɗin nawa za a saya?

Aikin gida

Ku auna ɗakin da kuke kwana: tsawo, faɗi da tsayin bango. Ku rubuta lambobin, ku lissafa litar fentin da shafa biyu za ta ci. A ƙasan lissafin ku rubuta gyara uku da bangon yake bukata kafin fenti, ku zo da takardar aji na gaba.