Kurakuran Hawa da Saukar Murya a Turanci

Na gaji da jin ɗalibai masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS sun haddace nahawu tsaf, amma suna karanto jimla kamar jerin sunayen masu karɓar albashi. Furuci na cikin abubuwa huɗu da ake aunawa a ɓangaren magana, kuma hawa da saukar murya na ciki.

Babban laifinku shi ne bai wa kowace kalma nauyi ɗaya. Hausa tana tafiya da karin sauti a kan kowace gaɓa, Turanci kuwa yana danna wasu kalmomi, ya haɗiye sauran. Ku dubi "can" da "can't". Ba'amurke da kyar yake fitar da "t" ɗin ƙarshe, don haka nauyi ne ke raba su: "can" a tsakiyar jimla gajere ne, kusan "kin", shi kuwa "can't" ana jansa da ƙarfi. Wani mai ba ni aikin fassara ya taɓa tambayata a waya ko zan gama ranar Litinin. Na ce "I can finish it", na danna "can" da iya ƙarfina don ya ga ƙwazo. Ya ji kishiyar abin da na faɗa, ya miƙa aikin ga wani. Haba! Tun daga nan, nakan ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da sabon bayani, in ɗauki muryata a waya, in saurara. Ba daɗi, amma ku yi.

Na biyu, ku daina ɗaga murya a ƙarshen kowace tambaya. Wadda amsarta "e" ko "a'a" ce, kamar "Are you coming?", ita ke hawa. Mai farawa da "where", "why" ko "what" sauka take yi. Idan kuma kana faɗin sunanka ko garinku muryar na hawa, sai a ɗauka kai ma kana shakka.

Ga wasu kuma a taƙaice: a nahawu, kalmar "record" suna ce idan nauyin na gaɓar farko, aikatau ce idan na ta biyu. Wajen lissafo abubuwa, murya na hawa, sai a na ƙarshe ta sauka. "Thank you" a shimfiɗe kuwa, Bature jin sa yake kamar an tilasta maka.