Yadda Ake Gano Abin da Ya Lalata Gejin Man Mota Kafin a Kashe Kuɗi

Allura tana kan kwata ranar da motata ta mutu a hanyar Zariya, kuma da aka leƙa tanki babu ko ɗigo. Sai da ɗan acaɓa ya kai ni wajen 'yan bumburutu da galan a hannu. Bakaniken farko da na samu ya ce a canza famfon mai gaba ɗaya. Ashe aikin bai kai rabin haka ba.

Abubuwa uku ne ke sa allurar nan motsi. A cikin tanki akwai fulota, wato ɗan ƙwallon roba mai yawo a saman mai, ɗaure da siririn ƙarfe. Idan mai ya hau ko ya sauka, ƙarfen yana gogar wani ɗan allo mai layuka, wanda ke rage ƙarfin wuta ko ya ƙara shi. Sai wayar da ke kai saƙon gaba, sai shi kansa gejin. Shi gejin ba kasafai yake mutuwa ba, don haka a bar shi sai ƙarshe.

Fara da fiyus. Kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba. In allurar zafin inji da fitilun gaba su ma sun yi shiru, buɗe akwatin fiyus. A yawancin tsofaffin Toyota za ka ga an rubuta GAUGE a murfin. Sa wani mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone. Kada ka yarda a ɗaura maka zaren waya a madadinsa, da haka motoci ke kamawa da wuta.

In fiyus lafiya lau, sai gwajin da ke raba gardama. A Corolla da Camry da Accord da yawa, idan ka ɗaga kujerar baya za ka ga murfin ƙarfe, a ƙarƙashinsa akwai soket ɗin da ke shiga kan tanki. Kashe makulli, zare soket ɗin, ka sake kunnawa. A irin waɗannan motocin Japan na da, allura za ta sauka ƙasa da E. Sannan ka nemi wayar geji, ka haɗa ta da ƙarfen jikin mota ta cikin ƙaramin ƙwan fitila na gwaji. Allura ta fara hawa? To waya da geji kalau suke, laifin yana cikin tanki. Ba ta motsa ba? Bi waya zuwa gaba, musamman wayar negatif, domin tsatsa da sakin noti a wajenta su ne ke sa allura rawa duk lokacin da ka faɗa rami. Abu biyu a nan: tabbatar ba wayar famfo ka kama ba, ita ta fi kauri, kuma kada ka bar haɗin ya daɗe. Tsofaffin motocin Amurka na kamfanin GM kuwa akasin haka suke yi, in ka zare waya allura sama take tafiya.

Yanzu sai buɗe tanki, kuma nan ne ba a wasa. Zare fiyus ɗin famfo, ka tayar da inji ka bar shi ya mutu da kansa don matsin mai ya sauka, cire kan batir na negatif, buɗe ƙofofi duka. Babu sigari, babu mai walda a kusa. Share ƙurar da ke kewaye da murfin kafin ka kwance, in ba haka ba cikin mai za ta zube.

Da ka fito da famfon, girgiza fulotar kusa da kunnenka. In ka ji mai na motsi a ciki, ta huje, shi ya sa take nutsewa allura ta kwanta a E. Duba ƙarfen ko ya lanƙwashe. Tankin da dutse ya lotsa daga ƙasa yakan maƙale shi wuri ɗaya. Sai ka haɗa mitar gwajin wuta da wayoyin allon, ka sa ta a kan ohm, ka ɗaga fulotar a hankali. A tsohuwar Corolla lamba tana farawa daga wajen 110 in babu mai, ta sauko wajen 3 in ya cika. Abin lura shi ne ta riƙa sauka sumul. In ta yi tsalle ko ta ɓace a tsakiya, layukan allon sun cinye ko sun yi baƙi, kuma sinadarin salfa da ke cikin mai mara kyau yana da hannu a wannan. Nawa haka yake, daidai wajen kwata. Goge allon da auduga da feshin wanke waya. Kada ka sa samfefa, cinye layukan take yi. In gogewa ba ta yi ba, sayi fulota da allonta kaɗai, a motoci da yawa ana cire ta daga jikin famfo. Tafi da tsohuwar kasuwa, domin ta wata mota za ta iya shiga daidai amma lissafinta ya sha bamban.

Sababbin motoci saƙon ta kwamfuta yake bi, don haka a sa musu na'urar bincike tukuna. Lambobi P0460 zuwa P0464 duk na fulota ne da wayarta. Su ma allurarsu takan ɗauki 'yan mintuna kafin ta daidaita, kada ka ce gyara bai yi ba.

Wajen mayarwa sa sabuwar robar murfi, ka ɗaure notuna a hankali ɗaya bayan ɗaya. Cika tanki, ka ɗaga kujera ka shinshina kafin ka ɗauki iyali.