Babi na 6: Neman Itacen Baka da Tsaga Shi

Darasi na 1: Wane itace za a nema?

'Yan'uwa, ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sau uku-uku: baka, kibiya, kwari, tsirkiya, gatari, gizago. Wanda harafin ya ba shi wuya kada ya ji kunya, ya sa yatsa a ƙarƙashin kalmar ya bi ta sannu a hankali.

Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, sun san baka sarai. Yau 'ya'yanmu roba kawai suka iya harbawa. Shi ya sa muka sa wannan babi, ko don korar birai daga gona.

Ba kowane itace ke yin baka ba. Ana son mai lanƙwasa ya koma yadda yake. Ɗunɗu yana yi, shi ne wanda Larabawa ke kira kadad. Dargaza tana yi. Gora ma tana yi, wadda ake kawowa daga wajen Damazin, Larabawa suna ce mata gana. Kuka ba ta yi, cikinta kamar soso yake. Dakwara kuwa ku bar ta, ƙaronta abincin mutane ne.

Ku nemi reshe miƙaƙƙe, tsawon kamu 4, marar ido. Ido shi ne wurin da ƙaramin reshe ya fito, kuma nan baka ke karyewa. Ku dubi ɓawo. In layin ɓawon ya murɗe kamar igiya, to cikin ma a murɗe yake, ku wuce.

Na sha ganin ɗalibi ya tsinto itace a ƙasa, ya zo yana murna wai ya sami busasshe. Wannan ba busasshe ba ne, matacce ne. Ruwan damina ya dake shi, gara ta ci, gunda ta huda. Na tuwo ne. Ɗanye za ka sara bayan damina ta ɗauke, ka busar da abinka da kanka.

Kafin sara a nemi izini, ko wurin mai gona ko wurin ma'aikatan gandun daji. Dajin bagaruwar bakin kogi na hukuma ne. Dajin Dindir kuwa an keɓe shi tun 1935, ba a sara, ba a farauta. Ba na son zuwa belin kowa.

Darasi na 2: Tsagawa

Reshen da bai wuce kaurin sandar makiyayi ba, ba a tsaga shi. Wanda ya kai kaurin ƙwauri ko cinya, shi ake rabawa biyu. A tsaga tun yana ɗanye, ya fi bin hannu, ya kuma fi saurin bushewa.

Kayan aiki: gatari ɗaya, guduma ta itace ɗaya, da guntayen itace masu tauri guda 2, tsawon taƙi, waɗanda aka fiƙe bakinsu ya yi faɗi kamar bakin gatari. A ajinmu muna kiransu Na Farko da Na Biyu. Ku rubuta 1 a jikin ɗaya, 2 a jikin ɗayan, da gawayi. Ga amfanin karatu nan tun yanzu.

Kwantar da itacen a ƙasa. Dubi bakinsa na gindi, za ka ga ɗigo a tsakiya. Ɗora bakin gatari a kan ɗigon, ka bugi bayan gatarin da guduma har tsaga ta buɗe. Ba sara ake yi ba, ɗorawa ake yi a buga. Sa Na Farko cikin tsagar, ka buga har gatari ya saki. Tsagar za ta yi gaba da kanta. Je inda ta tsaya, ka sa Na Biyu.

To, a nan kowa ke faɗuwa. Kada ka cire Na Farko sai Na Biyu ya kama.

Buga Na Biyu. Buga kuma. Za ka ga Na Farko ya yi sako-sako, yana motsi da kansa. Sai a lokacin za ka ɗauke shi, ka kai shi gaba. Yanzu shi ne a gaba, Na Biyu a baya. Kada ka cire Na Biyu sai Na Farko ya kama. Haka za su yi ta tsallake juna har ƙarshen itacen.

Me ya sa? In ka cire na baya da wuri, itacen zai rufe baki da ƙarfi. In yatsanka na ciki, ya tafi. Bara wani dattijo a ajin nan ya yi wata guda yatsa a ɗaure, bai iya riƙe alƙalami ba. Ba laifinsa kaɗai ba ne, ni ma sau ɗaya na faɗa masa. Yanzu sau goma zan faɗa. Baba, ka ji? Kada ka cire na baya sai na gaba ya kama. Kuma yatsa ba ya shiga tsaga, ko da na baya yana nan.

Ku karanta tare: na gaba ya kama, na baya ya saki, sannan a cire. Madalla. A sake. Wanda bai iya ba yau, gobe zai iya, ba wanda aka haifa da gatari a hannu.

Wani zai ce: Malam, ba ga zarto ba? Zarto yana tafiya inda mai shi yake so, tsaga kuwa jijiyar itace take bi. Bakan da aka yanke jijiyarsa ranar ja na farko zai fashe maka a fuska. In tsagar ta ɗan karkace, bi ta, kada ka tilasta mata. Ƙananan zaruruwan da suka riƙe ɓangarorin biyu, a yanke su da bakin gatari, guntayen nan biyu suna ciki.

Ni dai na gaji da ganin masu gaggawa. Mutum da furfurarsa, an gaya masa, ya gyaɗa kai, na juya baya ya zare Na Farko don ya ga ko aikin ya yi. Haba! Kada ka cire shi sai Na Biyu ya kama. Wanda ya san ba zai bi ba, ya zauna ya yi kallo.

Darasi na 3: Busarwa

Ranar da ka tsaga, ka shafe bakin itacen biyu da kakin zuma ko fenti. In ba ka shafa ba, bakin zai riga tsakiya bushewa ya tsattsage. Ɓare ɓawon a hankali don gunda. Gefen da ke ƙarƙashin ɓawo shi ne bayan baka, kada wuƙa ta ji masa.

Ajiye a inuwa, inda iska ke shiga, a ɗage daga ƙasa saboda gara. Cikin rufin ɗaki ya yi. Rana ba ta yi. Rubuta wata da shekara a jikinsa, ka bar shi ya shekara.

Darasi na 4: Gane busasshe

Ƙwanƙwasa shi. Busasshe yana ƙara ƙal-ƙal, ɗanye kuwa dum. Ko ka auna shi a sikelin mai kanti kowane wata. In nauyin ya daina raguwa, ya bushe.

Darasi na 5: Gora

A zaɓi wadda ta ƙosa. A busar a inuwa.

Aikin gida: rubuta sunan itace 3 masu yin baka. Ranar Asabar kowa ya zo da guntayensa biyu, da lamba a jiki.