Yadda nake duba haƙƙin ƙirƙira kafin in zana shokazobar keken hawan dutse

Na kan fara da Google Patents, shafin binciken takardun haƙƙin ƙirƙira, in rubuta sunan kamfani ko na maƙirƙirin. Kada zane ya ɗauke maka hankali, ka tsallaka zuwa sashen iƙirari mai lambobi, don abin da ke ciki kaɗai doka ke karewa.

Ɗauki misalin Horst Link, wani tsarin shokazobar baya na keke. Maƙirƙirinsa, Horst Leitner, ya sanya mahaɗi mai juyawa a sandar ƙasa ta bayan firam ɗin keken, dab da gaban cibiyar tayar baya. Kamfanin kekuna na Specialized ya sayi haƙƙin a 1998, a lokacin masu son amfani da shi a Amurka sai sun biya shi.

Sannan duba ranar shigar da takardar. Wa'adi shekara 20 ne daga wannan rana, na Leitner ya ƙare tuni. Duba ƙasar da ta ba da haƙƙin ma, haƙƙin Amurka ba ya aiki a Jamus. Idan sayarwa za ka yi, ka ga lauya tukuna.