Darasi na 9: Ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa

Ranar da kuka fara riƙe alli, hannu na rawa, "b" da "d" suna rikita ku. Yau ga shi kuna rubuta sunanku ba gargada. A cikin kai aka samu canjin. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86, suna ta aika wa juna saƙo. Hanyar da saƙo ya yawaita bi takan yi ƙarfi, kamar turbar zuwa gonakin bakin Gulbi: in ana bin ta sai ta fito fes, in an daina ciyawa ta cinye ta. Kuma girma ba ya hana wannan. A Indiya an koya wa manya karatu na wata 6, hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna canji.

Ciwon damuwa yana taɓa wannan baiwa. Za ka ga mace mai tuyar ƙosai da asuba ta kwashe fiye da sati 2 ba ta kunna wuta ba. Barci ya gagara, abinci ya fita ranta, ko suna aka yi a maƙwabta ba ta leƙawa. Wasu su ce ragwanci ne. Wallahi cuta ce, kuma tana da magani.

A 1985, a garin Shafil na Ingila, aka ƙera wata na'ura mai maganaɗisu. Ana ɗora ta bisa kai, ta yi ƙas, sai babban yatsa ya motsa da kansa. Da ita ake auna yadda saman ƙwaƙwalwa ke amsa kira. Masu bincike sun lura cewa ƙwaƙwalwar mai ciwon damuwa tana nauyin canjawa bayan an zaburar da ita. A 2008 Amurka ta yarda a riƙa yi wa masu ciwon magani da irin wannan na'ura.

Abin da ya fi shafar mu nan Maradi shi ne haƙuri da maganin likita. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, wataƙila don sabuwar hanya ba ta fitowa rana ɗaya. Kada a yar da shi bayan kwana biyar. A riƙa jan mara lafiya zuwa ɗan tattaki da hira. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Aiki: Ku rubuta "ƙwaƙwalwa" sau 5, ku ja layi ƙarƙashin kowace "ƙ". Sannan ku rubuta alamomi 3 na ciwon damuwa, ku karanta wa na kusa da ku.