Idan lauyanka yana cin tudu biyu: yadda ake kai koke gaban Batoniye, shugaban ƙungiyar lauyoyi, a Yamai

Kafin ka ɗauki alƙalami, tabbatar abin da ke hannunka cin tudu biyu ne da gaske. Faɗuwa a shari'a ba laifin ɗa'a ba ne, jinkiri kuma wani koke ne daban. Abin da ƙa'idar aiki ta hana shi ne lauya ya tsaya wa mutum biyu masu jayayya a magana guda, ko ya karɓi shari'ar abokin gabanka alhali sirrin da ka taɓa ba shi zai yi masa amfani a kanka, ko kuma ya zama yana da rabo a abin da ake rigima a kai. Misali ɗaya shi ne gado: lauya ɗaya ya riƙe magada duka, daga baya ɗakuna su rabu a kan gida ko fili, shi kuma ya ci gaba da ɗaki ɗaya. A nan janyewa daga ɓangarorin biyu ya kamata ya yi. Miƙa takardun ga abokin aikinsa na ofis guda ba ya wanke shi, domin sirrin yana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Aikin lauya a Nijar yana ƙarƙashin doka mai lamba 2004-42 ta shekarar 2004, da ƙa'ida mai lamba 05 ta 25 ga Satumba 2014 ta UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa. Ƙungiyar lauyoyi guda ce ga ƙasar duka, kuma shugabanta, wanda ake kira Batoniye, yana Yamai. Saboda haka ko a Tawa shari'arka take, Yamai kokenka zai je.

Hujja ce gaba da komai, kuma rashinta yana iya kashe koke. Abu biyu za ka nuna da takarda: cewa lauyan naka ne ko ya taɓa zama naka, da cewa yanzu yana amfanar wancan ɓangare. Na farko, rasit ɗin kuɗin aiki, yarjejeniyar kuɗin da kuka sa wa hannu, ko wasiƙa mai hatimin ofishinsa. Na biyu, sammaci ko takardar kotu mai ɗauke da sunansa a gefen abokin gabanka. Saƙonnin WhatsApp suna taimakawa idan lamba da ranar sun fito. Mai isar da sammaci zai iya duba wayar ya rubuta shaidar abin da ya gani, wannan ya fi hoton allo nauyi. "An gan su suna shan shayi tare" ba hujja ba ce. Wanda ya biya kuɗi hannu da hannu ba rasit ya wahalar da kansa tun farko, abin takaici kuma da yawa haka suke yi don kunyar tambaya.

Sai wasiƙar. Da Faransanci ake rubuta ta, zuwa ga Batoniye, shafi ɗaya ko biyu. Sa sunanka da lambar wayarka, sunan lauyan, kotun da lambar shari'ar, sannan ka jero abin da ya faru bisa kwanan wata. Ka bar zagi da kiran mutum ɓarawo, suna rage wa kokenka daraja kuma suna iya jawo maka ƙarar ɓata suna. Haɗa kwafin takardu, asalin ya zauna wurinka. Kai kwafi biyu na wasiƙar ofishin ƙungiyar lauyoyi, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a mayar maka.

Batoniye zai nemi jin bakin lauyan, ya bincika, sannan ya rufe maganar ko ya kai ta gaban majalisar ladabtarwa. Hukunci hawa huɗu ne: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa na wani lokaci, da soke suna daga jerin lauyoyi. Idan ka ji shiru, rubuta tunatarwa, kuma kana iya kai maganar ga babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, wanda shi ma yana da ikon neman a bincika.

Kada ka ɗauka koken zai tsayar da shari'arka. Wa'adin ɗaukaka ƙara yana tafiya ko Batoniye ya amsa ko bai amsa ba. Ranar da ka gano matsalar, rubuta wa lauyan cewa ka janye wakilcinka, nemi takardunka, ka ɗauki wani. Ladabtarwa kuma ba ta biyan diyya. Gardamar kuɗin aiki koke ne daban gaban Batoniye, asarar da aka jawo maka kuwa sai ka shigar da ƙara a kotu, kuma can sai ka nuna abin da ka rasa da adadinsa.